Bayanin Gahawa da Shayi da Tabar Hanci, da Abin da Ya Raba Hukuncinsu

Ina farawa da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya fitar da tsirrai iri-iri daga ƙasa guda, ya sanya amfani a cikin waɗansu, ya sanya jarrabawa a cikin waɗansu, kuma ya ba ɗan Adam hankali domin ya rarrabe. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, bawa mai buƙatar rahamar Ubangijinsa, wanda furfura ta riga ta yi masa sallama, yana cewa: tambaya ta yawaita gare ni daga almajirai a kan abubuwa uku da akan tara a tabarma guda, su ne gahawa, da shayi, da garin taba wanda ake shaƙa a hanci ko a dasa a baki. Wani ya ce duk halal ne, tun da ya ga dattawan kirki suna haɗa su. Wani ya ce duk ababen ƙi ne, tun da duk suna sa sabo. Kowanne daga cikin biyun ya yi gaggawa. Sai na nemi zaɓin Allah, na rubuta waɗannan 'yan takardu, na tsara su a kan gabatarwa, da fasali shida, da cikawa. Allah nake roƙo ya amfanar da wanda ya karanta, da wanda ya kwafa.

Gabatarwa, a kan ma'aunin da ake auna sabon abu

Ka sani, ya kai ɗalibi, Allah ya datar da ni da kai, waɗannan uku ba a san shan ko ɗaya daga cikinsu ba a ƙasashen Larabawa a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko zamanin sahabbai. Ba za ka sami hukuncinsu a Muwaɗɗa ba, ko a Risala, ko a Muhtasar, domin Shaihu Halil ya rasu tun a ƙarni na 8 na Hijira, gahawa ba ta bayyana ba sai a ƙarni na 9. Da suka zo, malamai suka auna su da ma'auni huɗu.

Na farko, asalin tsiro tsarki ne da halacci, har sai dalili ya fitar da shi. Na biyu, gusar da hankali. A nan Shihabuddini Alƙarafi, wanda ya rasu a 684 (1285), ya kasa abin kashi uku a littafinsa Alfuruƙ: mai sa maye, shi ne wanda ke gusar da hankali tare da nishaɗi da annashuwa, kamar giya, da mai ɓata hankali, wanda ke dagula shi ba tare da wannan nishaɗi ba, da mai kwantarwa, wanda ke tafiya da hankali da ji da gani gaba ɗaya. Na farkon kaɗai ake yi wa haddi, shi ne kaɗansa da mai yawansa duk haram. Sauran biyun, abin da aka hana shi ne gwargwadon da ke taɓa hankali. Na uku, cutar da jiki, domin shari'a ta hana mutum ya cuci kansa ko ya cuci wani. Na huɗu, abin da ke kewaye da shi: ɓarnar dukiya, da wari mai damun mutane, da majalisin banza, da tozarta lokacin salla. Ka riƙe waɗannan huɗu, da su za mu bi ukun ɗaya bayan ɗaya.

Fasali na farko, a kan gahawa

Itacenta daga ƙasar Habasha yake, amma dafa ta da shanta yadda muka sani a Yaman ya bayyana, a hannun sufaye, a ƙarni na 9 na Hijira. Suna shanta da dare domin su kori barci su raya zikiri. Cikin waɗanda ake jingina wa farkon yaɗa ta akwai Jamaluddini Azzabhani na birnin Adan, wanda ya rasu wajen 875 (1470). Daga Yaman ta shiga Makka, ta shiga Masar ta hannun ɗaliban Yaman da ke Azhar. Ƙwayar ana ce mata bunnu. Kalmar ƙahwa kuwa tana cikin tsofaffin sunayen giya a Larabci, wannan ma ya ja mata zargi.

A shekara ta 917 (1511) mai hisbar Makka, Ha'ir Beg, ya ga waɗansu mutane da dare kusa da Ka'aba suna zagayawa da ƙoƙo a tsakaninsu. Ya tara malamai, aka kawo likitoci biyu 'yan'uwan juna, suka shaida cewa tana ɓata jiki da hankali. Aka hana sayar da ita, aka ƙone bunnu. Aka aika da tambaya Alƙahira wurin Sarki Ƙansuhu Alguri, amsar da ta dawo ta fi karkata ga hana irin wancan taro, ba ta ƙarfafa hana gahawar kanta ba. Ba a daɗe ba mutane suka koma shanta. Rikicin ya sāke tashi a Alƙahira bayan shekara ashirin da 'yan kai, har aka farfasa wuraren shanta. Sa'an nan Abdulƙadir Aljaziri ya wallafa Umdatus Safwa wajen 966 (1558), ya tattara labarin, ya tabbatar da halaccinta. A kan haka al'umma ta zauna har yau.

Ka lura da abin da ya kuɓutar da ita. An gwada, an ga mai shanta yana ƙara farkawa, karatunsa ba ya rikicewa, harshensa ba ya nauyi. Ma'auni na biyu bai kama ta ba, na uku kuma masu da'awarsa ba su iya tabbatar da shi ba. Abin da ya saura shi ne na huɗu, wato majalisi, shi kuwa laifin mazauna ne.

Mafi daɗin gahawar da na sha ita ce ta 'yan'uwanmu Hausawa da ke zaune a Sudan a kan tsohuwar hanyar hajji. Ana soya bunnu a kan gawayi har ya yi baƙi ya fitar da mai, a daka shi da zafinsa, a dafa da citta, a zuba a 'yar tukunyar yumɓu mai dogon wuya wadda suke kira jabana, a tsiyaya a ƙananan finjalai. Ƙamshin suyar kaɗai yakan tara maƙwabta.

Fasali na biyu, a kan shayi

Asalinsa ƙasar Sin. Koren ganye da baƙi duk itace guda ne, wurin sarrafawa suka rabu: kore ana gaggauta ɗumama shi a shanya, baƙi ana murza shi a bar shi ya sha iska har ya rine. Ya shiga Magrib a ƙarni na 12 na Hijira, da farko abin gidan sarauta da attajirai. A ƙarni na 13, wato na 19 na Miladiyya, fataken Ingila suka yawaita kawo shi ta tashar jiragen ruwa ta Sawira, ya yi araha, ayari suka ratsa Sahara da shi. Mutanen Magrib suna ce masa atay, mu muka ɗauki sunan shayi daga Larabawan gabas. Yanzu ana noma shi har a tudun Mambila a jihar Taraba.

Shi ma bai tsira daga gardama ba, sai dai mafi yawanta a kan sukarinsa ta faɗa. An baza labari a Magrib cewa dunƙulen sukarin da ake kawowa daga Turai da jini ko ƙashin mushe ake tace shi, waɗansu suka haramta. Malamin Fas Sulaimanu Alhawwat, wanda ya rasu a 1231 (1816), ya wallafa risala ya mayar musu da martani, domin ba a barin tsarki na asali saboda jita-jita.

Buzaye da mutanen Agadas da Damagaram sun gwanance da dafa shi. Ana ɗora 'yar buta a kan garwashi, a zuba ganye, a bar shi ya nuna a hankali, a ɗaga hannu sama a tsiyaya a ƙaramin kofi, a mayar, a sāke tsiyayawa har kumfa ta hau. Ganye guda ake dafawa sau uku. Na fari ɗaci, na biyu matsakaici, na uku zaƙi da na'ana'a. Ba ya son gaggawa, zamansa yakan ci sa'a guda ko fiye. Ka riƙe wannan jira da ke tsakanin kofi da kofi, za mu komo gare shi.

Fasali na uku, a kan taba

Taba tsiron Amurka ce. Mutanen wannan sashe na duniya ba su san ta ba sai bayan da jiragen Kolombus suka isa can a 1492. Daga nan fataken teku suka yaɗa ta. Masu tarihin Magrib sun ce ta bayyana gare su a farkon ƙarni na 11 na Hijira, dab da shekarar 1600, a hannun mutanen da suka rako giwa daga ƙasar baƙaƙe zuwa ga Sarki Ahmadu Almansur. Ka ga ke nan ta riga ta shiga yankinmu tun kafin wannan lokaci.

Malamai suka rabu biyu, kuma da yawa daga manyan masu gardamar 'yan mazhabarmu ne. Shaihu Ahmadu Baba na Tambutu ya rubuta Allam'u a 1016 (1607), ya tafi a kan halacci, domin ba ta cikin masu sa maye. Shaihu Ibrahimu Allaƙƙani na Masar, wanda ya rasu a 1041 (1631), ya rubuta Nasihatul Ihwan, ya yi hani. Shaihu Aliyu Al'ujhuri, wanda ya rasu a 1066 (1656), ya rubuta Gayatul Bayan, ya halatta ta ga wanda ba ta gusar masa da hankali, ba ta kuma cutar da jikinsa. Sai wani malami Bafillace na ƙasar Bagarmi, kudu maso gabas da tafkin Cadi, Muhammadul Wali ɗan Sulaimanu, ya rubuta Al'adillatul Hisan a ƙarshen wannan ƙarni, ya mayar wa Al'ujhuri da martani, ya tafi a kan haramci. A Sham, Abdulgani Annabulusi na mazhabar Hanafiyya, wanda ya rasu a 1143 (1731), ya tsaya tare da masu halattawa.

Sarakuna ma sun sa hannu. Sarkin Istambul Muradu na huɗu ya rufe gidajen gahawa ya hana taba a 1043 (1633), har da kisa, amma bayan mutuwarsa abin ya dawo. Daular Masina ta Shaihu Ahmadu Lobbo, wadda ta kafu a 1818, ta hana taba har cikin Tambutu, malaman Kunta kuwa ba su yarda da wannan tsanani ba. Shaihu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1230 (1815), ya tsananta hani a kanta, har ya zama sananne cewa mabiyansa ba su sha, ba su shaƙa.

Amfani da ita hanya uku ne: a ƙona a zuƙi hayaƙi, ko a dasa gari tsakanin leɓe da dasashi, ko a shaƙa a hanci. Maganarmu a kan biyun ƙarshe take. Ana shanya ganye, a daka ko a niƙa ya yi laushi, a gauraya da kanwa, a zuba a batta. Larabawa suna ce wa ta hanci nashuƙ ko sa'uɗ. Mutanen Sudan suna ce wa ta baki tumbak. Asantawa suna ce wa garin asra, sunan da ya yi kusa da asara a bakin Bahaushe. Dattawa da yawa sun zaɓi gari a kan lofe domin ba shi da hayaƙi, ba ya neman wuta, ba ya ƙona takarda, kuma yana ɓoyuwa a aljihun riga.

Fasali na huɗu, a kan dalilin da ya sa ake haɗa su

Ban musa daɗin da masu haɗawa suke faɗi ba. Na zauna da su shekara da shekaru, na ji siffarsa daga bakinsu. Sukan ce ɗacin kofin fari yana buɗe ƙirji, tsunkule guda na gari bayansa yana buɗe kai, atishawa ta zo, ido ya yi ƙwalla, mutum ya ji kamar an share masa hazo, sai kofi na biyu ya sauka a kan wannan. Gaskiya suka faɗa a kan abin da suka ji. Sai dai ga abin da ke ƙarƙashinsa.

A cikin gahawa akwai wani sinadari da wani masani Bajamushe, Runge, ya tace wajen 1819, ana ce masa kafeyin. Shi ne kuma a cikin shayi, shi ne a cikin goronmu. Aikinsa, akwai abin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga farkawa, shi ke kawo nauyin barci, kafeyin sai ya tare masa mazauni. Gajiyar tana nan, an dai toshe mata baki zuwa wani lokaci. A cikin taba kuwa akwai nikotin, wanda aka tace a 1828, aka sa masa sunan Niko, jakadan Faransa a Fotugal wanda ya aika da taba fadar ƙasarsu wajen 1560. Shi yana ratsa fatar cikin hanci da ta baki ya shiga jini cikin 'yan mintoci, ya motsa wurin jin daɗi a ƙwaƙwalwa, ya ƙara bugun zuciya, ya ƙuntata jijiyoyin jini. Kanwar da ake gaurayawa ita ke kwance shi daga ganye, ta sa ya fi saurin ratsawa. Masu dakawa sun gane haka da gwaji tun kafin masana su bayyana dalili, shi ya sa sukan ce taba marar kanwa ba ta da kai.

Bambancin sabon biyu kuwa babba ne. Wanda ya bar shayi ko gahawa yakan yi ciwon kai da kasala kwana biyu zuwa mako guda, sa'an nan ya warware. Wanda ya bar taba yakan yi ƙunci da saurin fushi da rashin barci makonni, kuma begenta yakan dawo bayan watanni. Sauƙin da mai batta yake ji in ya shaƙa, mafi yawansa sauƙin ƙuncin da rashinta ya jawo ne, kamar mai ƙaiƙayi da susa.

Sa'an nan ga jiran da na ce ka riƙe. Buta tana kan wuta, hannu ba ya komai, hira ta yi daɗi, sai batta ta fito. In aka maimaita haka kwana da kwanaki, rai yakan ɗaure biyun da igiya guda, har ƙamshin shayi kaɗai ya isa ya tuna masa taba. Hausawa suka ce sabo turken wawa. Ta wannan ƙofa yaron da ya zo domin kofi na uku yake fita da atishawar fari, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Fasali na biyar, a kan abin da ya tabbata daga baya, da hukunci

Ka sani, malaman da suka halatta taba ba su halatta ta sake ba ƙaidi ba. Sun rataya halaccin a kan sharaɗi, shi ne rashin cuta, kuma a zamaninsu cutar ba ta tabbata ba, domin ciwonta yakan ɗauki shekara ashirin ko talatin kafin ya bayyana. Wani likitan Ingila, Jon Hil, ya yi gargaɗi tun 1761 a kan ƙari da ya gani a hancin masu yawan shaƙa. A 1950 binciken likitoci a Ingila da Amurka ya nuna alaƙar hayaƙinta da ciwon daji na huhu. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta sanya tabar da ake dasawa a baki cikin abubuwan da suka tabbata suna haddasa ciwon daji tun 1985, ta sāke tabbatar da haka daga baya, musamman dajin baki da na maƙoshi. Gubar da ke jawo shi, wadda ake kira nitrosamin, tana haifuwa a cikin ganye lokacin shanya da ajiya, ba ta jiran wuta. An auna tumbak na Sudan an sami wannan guba a cikinsa da yawan da ya wuce na galibin tabar duniya. Tana kuma cin dasashi, tana cutar da ɗan da ke ciki. Hukumar ta ce taba, da dukkan hanyoyinta, tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, mafi yawansu ta hanyar hayaƙi.

Adalci ne a faɗa cewa gari bai kai hayaƙi ɓarna a huhu ba, kuma shaidar likitoci ta fi ƙarfi a kan ta baki fiye da ta hanci. Amma ganyen guda ne, gubar guda ce, abin da aka shaƙa sashensa yana gangarawa maƙogwaro, yana kumbura cikin hanci, yana ɗaure mai shi da sabo mai wuyar kwancewa.

Idan ka ce: likitoci biyu sun yi shaida a kan gahawa a Makka, shaidarsu ta rushe, me zai hana wannan ma ta rushe? Sai in ce: waccan maganar mutum biyu ce a majalisi guda, ba gwaji, ba ƙidaya. Wannan kuwa labari ne da ya zo ta hanyoyi masu yawa, daga ƙasashe mabambanta, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, shekara fiye da saba'in, irin wanda al'ada ba ta yarda a haɗa baki a kansa ba. Ƙari a kan haka, cibiyar nan ta taɓa sanya gahawa cikin abin tuhuma a 1991, da bincike ya yawaita sai ta cire ta a 2016. Ma'aunin da ya wanke gahawa shi ne ya kama taba.

Idan ka ce: malamina wane, mai tsoron Allah, ya yi shekara tamanin da battarsa. Sai in ce: wani yakan faɗo daga kan giginya ya tashi, ba a kafa hukunci da shi. Kuma shi ya yi aiki da fatawa ingantacciya a kan abin da ya sani. Kai kuwa labari ya iske ka, kama da wane ba ta wane.

To abin da nake rinjayarwa, Allah ne mafi sani: gahawa da shayi halal ne, suna iya zama abin lada in an yi nufin ƙarfafa ga karatu ko girmama baƙo. Tabar baki tana ƙarƙashin hani, domin sharaɗin masu halattawa ya faɗi, hukunci kuwa yana tafiya da dalilinsa, in ya samu ya samu, in ya gushe ya gushe. Tabar hanci mafi ƙarancin abin da za a ce a kanta karhanci mai tsanani, kuma ta fi kusa da 'yar'uwarta. Wanda likita amintacce ya gaya wa tana cutar da shi, ko mace mai ciki, haramci a kansu ba saɓani, ko a wurin Al'ujhuri. Zama a tabarma guda bai sa hukunci ya zama guda ba, taba ta bambanta da garin gero.

Fasali na shida, a kan mas'aloli da ake yawan tambaya

Mas'ala. Wanda ya shaƙi gari da rana a watan azumi, ya isa maƙogwaronsa, azuminsa ya ɓaci, sai ramuwa, domin a mazhabarmu abin da ya isa maƙogwaro ta hanci yana karya azumi, kaffara kuwa an keɓe ta ga abin da ya shiga ta baki da ganganci. Wanda ya dasa ta a baki ya haɗiye ruwanta da gangan, ramuwa da kaffara sun hau kansa.

Mas'ala. Shaƙar taba ba ta warware alwala, kuma ganyen ba najasa ba ne. Sai dai ya kyautata shaƙa ruwa da fyacewa da kurkurar baki kafin salla.

Mas'ala. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci saboda wari, alhali su halal ne. Mai warin taba ya fi cancanta ya tsabtace bakinsa. Buɗe batta a masallaci, ko a kan allo da littafi, rashin ladabi ne.

Mas'ala. Gahawa da shayi suna da iyaka. Likitoci sun ƙaddara wa baligi lafiyayye kimanin miligiram 400 na kafeyin a yini, mai ciki rabin haka. Matsakaicin kofin gahawa yana ɗauke da kimanin 80 zuwa 100, na shayi kusan rabinsa, goro ma yana shiga lissafi. Rabin abin da ka sha yana nan a jini bayan sa'a biyar. Wanda ya sha mai kauri bayan isha'i ya kasa barci har asuba ta kuɓuce masa, ya sayar da farilla ya sayi nafila. Kuma barci shi ke kafe hadda a zuciya, kwana ba barci yana zubar da abin da aka tara.

Mas'ala. Kada a kurɓa yana ƙuna. Cibiyar da na ambata ta yi gargaɗi a 2016 cewa abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65 yana iya jawo dajin maƙoshi. A bar shi ya huce kaɗan. A rage sukari, domin shi ne ɓarawon da ke shiga tare da baƙo. Mai ƙarancin jini ya raba shayi da abinci da kamar sa'a guda, domin yana rage abin da jiki ke samu na sinadarin ƙarfe.

Mas'ala. Aiken yaro sayen taba koya masa hanya ne. Dokar Najeriya ta 2015 ma ta hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Malamin da ke aiken almajirinsa ya tuna amana aka ba shi.

Cikawa

Ya 'ya'yana, abu biyu nake yi muku wasiyya da su. Na farko, kada ku miƙa harshe ga malaman da suka shuɗe. Wanda ya halatta ya ji tsoron haramta abin da Allah bai haramta ba, wanda ya hana ya ji tsoron cuta ga bayin Allah, kowanne ya yi ijtihadi. Dattijon da kuka tarar da batta, ku yi masa nasiha a keɓe, da tausasawa, kada ku kunyata shi a gaban jama'a.

Na biyu, wanda bai fara ba kada ya ɗanɗana ko sau ɗaya. Wanda aka jarrabe shi kuwa, ya sa rana, ya gaya wa abokan zamansa, ya rabu da battar gaba ɗaya, kada ya ajiye ta da sunan baƙo. Ya sauya wurin zamansa na shayi da lokacinsa har igiyar ta tsinke. Lokacin jiran buta ya sa asawaki a baki ko carbi a hannu, ko ya karɓi aikin dafawar. Begen yakan taso ya kwanta cikin 'yan mintoci, kuma makon fari ya fi kowanne wuya. Watan Ramalana mataimaki ne, wanda ya iya haƙuri daga alfijir zuwa faɗuwar rana ya riga ya ga ƙarfin kansa. In abin ya faskara ya nemi likita, akwai magani da ke sauƙaƙa shi. In ya koma, ya sāke sa rana, da yawa ba su rabu da ita ba sai bayan gwaji da dama.

Ku sha gahawarku da shayinku da sunan Allah, da hannun dama, ku fara miƙa wa babba da baƙo, ku tsare majalisin daga cin naman mutane, ku tashi in an kira salla ko da kofi na uku bai sauka ba.

Ya cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Allah ya gafarta wa marubuci, da mai kwafa, da mai karatu, da iyayenmu, da malamanmu, da dukkan Musulmi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.